Ƙwari da ciyawa sun addabi lambuna: ta yaya zan magance su ba da maganin kanti ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a gefen dam ɗin Ajiwa, faɗinsa kamar mita 25, tsawonsa 40. Ina noma tumatir, albasa, kabeji, salak da 'yar kuɓewa. Maganin feshi ya yi tsada, kuma ko na fesa, bayan kwana biyar ƙwarin sun dawo kamar ban yi komai ba. Na jiƙa ganyen bedi na fesa har sau biyu, ban ga wani canji ba. Ga jiji ya kusa cinye mini wajen albasa, kullum ina cira yana ƙaruwa. Don Allah a ba ni hanyar da zan bi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a lambu. Bari mu fara da bedin nan da ka ce bai yi maka aiki ba, domin ba kai kaɗai ke wannan ƙorafi ba, kuma kusan kullum abu biyu ne ke jawo shi. Na ɗaya, ƙarfin maganin bedi, wanda mutanen Kano ke ce wa darbejiya, yana cikin ƙwayar da ke cikin ƙwallonsa ne. Ganye ɗan kaɗan ya samu. Na biyu, bedi ba ya kashe ƙwaro nan take. Wanda ya saba fesa maganin kanti da safe ya ga tsutsa zube da la'asar, idan ya fesa bedi ya dawo washegari ya same ta a kan ganye tana motsi, sai ya ce aikin banza. Alhali aikin bedi shi ne ya hana ta ci, ya hana ta yin saɓa ta girma, ya kuma sa uwar ta ƙyamaci zuba ƙwai a wurin. Sai ta yi kwana uku zuwa bakwai kafin ta mutu. Don haka ba gawar tsutsa za ka nema ba, sabon ganye za ka duba: in ya fito lafiya babu sabuwar huda, magani ya kama. Wannan kuma yana nufin bedi na ƙaramar tsutsa ne da farkon ɓarna. Wanda ya bari sai gona ta ƙone sannan ya ɗauko shi, ya makara.

Dawowar ƙwari bayan maganin kanti ita ma da dalilinta. Maganin yana kashe wanda ya taɓa ne, amma ƙwai, da tsutsar da ta shige cikin tsokar ganye, da wadda ta sauka ƙasa ta kwanta, duk suna nan, kwana kaɗan su fito. Sannan ya share maka masu gadin lambun: gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro da rina masu kwasar tsutsa su kai wa 'ya'yansu, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu, wato 'yan ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye. Su ba sa hayayyafa da sauri irin na masu ɓarna, sai masu ɓarnar su dawo su tarar da gida babu mai tsaro. In kuma magani ɗaya ake ta maimaitawa, waɗanda suka jure masa su ne ke haihuwa, a kwana a tashi ya zama kamar ruwa kake watsa musu.

Haɗa maganin bedi yana farawa ne tun lokacin da 'ya'yan ke zuba, ba a fafe gora ranar tafiya. A tsinci waɗanda suka nuna suka yi rawaya, a murje naman a ruwa a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau, in ka girgiza ka ji ƙwayar na motsi a ciki. A ajiye a buhun algarara ko kwando, kada a sa a leda, domin zai yi gumi ya yi fumfuna. Duk ƙwayar da ka fasa ka ga ta yi baƙi ko kore-kore na ruɓa, zubar da ita. Ƙwallon da ya haura shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

Ma'auni shi ne giram 50 na ƙwaya a kowace lita ɗaya ta ruwa. Injin feshi na goyo mai lita 16 ke nan yana cin giram 800. Je wurin mai shago ya auna maka sau ɗaya a sikeli, ka zuba a kwano ko tiya ka yi alama, daga nan ba ka ƙara neman sikeli. Idan ba za ka iya ɓarewa ba, daka shi da ɓawonsa amma ka ninka, domin ɓawon ya kai kusan rabin nauyin. A daka a turmin da ba na abinci ba har ya yi gari-gari, ba sai ya fitar da mai ba. A ƙulle a tsumma a tsoma a bokiti da lita biyar ko shida na ruwa, ya kwana a inuwa. Washegari da yamma a matse ƙullin sosai, ruwan zai fito fari-fari kamar tsinkakken nono. A tace da mayani sau biyu, in ba haka ba ɗan gari zai toshe bakin feshin ka yi ta kwancewa a tsakiyar gona. A narka sabulun salo ko sabulun wanki na sanda, wanda bai kai girman akwatin ashana ba, a zuba, a cika da ruwa zuwa lita 16. Amfanin sabulun shi ne ya sa ruwan ya kama ganye, musamman kabeji da albasa da ruwa ke gangarewa a kansu. Kada ka sa garin sabulu mai kumfa, yana ƙona ganye.

Lambunka ya kai murabba'in mita 1,000. Idan shuka ta girma, goyo biyu zuwa biyu da rabi ne zai jiƙa ta yadda ya kamata, wato kusan kilo biyu na ƙwaya a kowane feshi. In za ka yi feshi takwas a kaka ɗaya, kilo 16 ke nan na ƙwaya, ko sama da kilo 30 na busasshen ƙwallo. Wannan lissafin ne mutane ba sa yi, sai su tara ɗan kwano guda su tsinka shi ya zama ruwan ɗaci kawai, sannan su ɗora wa bedi laifi. In man bedi ka samu a kasuwa, cokalin shayi ɗaya ne a lita, kusan rabin gwangwanin madara a goyo guda. Ka kaɗa shi da ruwan sabulu a ƙaramar roba har ya yi fari kafin ka zuba, kuma ka riƙa girgiza injin kana tafiya, in ba haka ba man zai taso sama, fangalin ƙarshe ya sha shi tsagwaro ya ƙone.

Feshi sai bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Hasken rana yana lalata sinadarin bedi cikin 'yan kwanaki, ga shi da dare tsutsa ta fi ci, kuma ƙudan zuma sun koma gida. Juya bakin feshin ya kalli sama, ka bi ƙarƙashin ganye, domin can ƙwarin suke, feshin saman ganye wanka ne kawai. Ka maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai. Ruwan da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana biyu. Duk wani haɗi sabo, gwada shi a kan shuka biyar tukuna, ka jira kwana biyu ka ga ko ganye ya ƙone. Abu guda kuma da ke kashe tumatir a banza: aron injin da aka fesa maganin ciyawa da shi. Ko an ɗauraye, ragowar da ta maƙale a tiyo da famfon ta isa ta murɗe maka ganye. In ya zama dole, wanke shi da sabulu sau uku, kana fesar da ruwan ta bakin. Ragowar bedi kuma kada a zubar a dam ko magudanar da ke komawa cikinsa, yana cutar da kifi.

Duk wannan ba zai amfane ka ba sai da zagaye. Sau biyu a mako, da sassafe, ka ratsa lambun a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ka tsaya a kan shuka kamar ashirin, ka juya ganye uku-uku, na ƙasa da na tsakiya da na toho. Minti ashirin ne, kuma shi ne rabin maganin.

Babban abokin gabar mai tumatir yanzu ita ce tsutsar da manoma suka sa wa suna Sharon, masana na kiran ta Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har ta iso mu. A 2016 ta yi ɓarna a Kano, Katsina, Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafin dare ne mai ruwan toka, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, in ka girgiza shuka da rana za ka ga sun tashi sun sake ɓuya. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma da zafi daga ƙwai zuwa uwa bai cika wata guda ba. Tsutsar tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta cinye tsakiya. Ɗaga ganyen ka kalli rana ta cikinsa: za ka ga wani fili fari kamar leda, da baƙin kashi tare a gefe guda, sau da yawa har da ita kanta a kwance, 'yar kore mai duhun kai. Daga baya ta koma toho da 'ya'yan, ta shiga ta ƙarƙashin hular tumatirin.

Tun da a cikin ganye take, hannu ya fi feshi a farkon lamari. Duk ganyen da ka ga wannan alama, murƙushe ta da yatsa ko ka tsinke ganyen ka jefa a leda. In ka gama, ƙulle bakin ledar ka bar ta a rana kwana biyu, ko ka binne a rami mai zurfin kamu ɗaya. Kada ka yar a bakin fangali, fita za ta yi ta shige ƙasa ta zama uwa. Haka ruɓaɓɓen tumatirin da ake watsarwa a gefen gona ranar ɗiba, makarantar renon Sharon ce. Bayan hannu sai bedi duk kwana biyar. Akwai kuma tarko. Wasu masu sayar da kayan gona suna da wani ɗan roba mai ɗauke da ƙamshin macen, wanda ke jawo mazan. Ana rataye shi dab da saman ruwa a cikin roba mai faɗi, a ɗiga sabulu ko ɗan mai a ruwan don duk wanda ya faɗa ya nutse, a ɗora robar a kan bulo. Uku sun ishi lambu irin naka, a canza ɗan robar duk mako huɗu zuwa shida. In ba a samu ba, fitilar sola a kan robar ruwa tana kama su da dare, sai dai ba ta zaɓe, tana haɗawa da ƙwari masu amfani, kuma tana kirawo na maƙwabta. A gefen lambu ake ajiye ta, ba tsakiya ba.

Abin da ya fi tarko da feshi duka shi ne lokaci da tsabta. Sharon tana tsananta ne idan sanyi ya fara janyewa, daga wajen Fabrairu zuwa gaba. Wanda ya yi dashe a Oktoba ko farkon Nuwamba yakan ɗebi mafi yawan amfaninsa kafin ta yi ƙarfi, wanda ya makara kuwa shi ke karɓar duk waɗanda suka taso daga gonakin da aka gama. Da zarar ka gama ɗiba, tumɓuke karan ka ƙona, kada ka bar shi tsaye wai ko za a ƙara samun kwando ɗaya. Ka cire gautan kaji da zaƙami a kewaye, dangin tumatir ne, a kansu take fakewa. Kuma ka sani tattasai, attaruhu, gauta, yalo da dankalin Turawa duk gida ɗaya ne da tumatir, bin tumatir da ɗayansu a fangali guda ba canjin shuka ba ne. Nan ne kuma maganar maƙwabta ta shigo. A wuri irin Ajiwa, ko Jibiya, ko Sabke da Daberam ta wajen Daura, lambu na jikin lambu ne. In kai ka tsabtace naka, na kusa da kai ya bar tsohon tumatir a tsaye, ka yi aikin baban giwa. Ku zauna ku tsayar da lokacin dashe da lokacin share gona tare.

Farin ƙuda, ɗan mitsitsin nan da ke tashi kamar gari in ka taɓa shuka, ba tsotsonsa ne abin tsoro ba, cutar da yake ɗaukowa ce. Ita ce ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe sama ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta zubar da fure. Wadda ta kamu ba ta warkewa, ko me aka fesa mata. Tumɓuke ta tun tana ɗaya-ɗaya. Mafi yawan kamuwar tun a gadon iri take faruwa da makonnin farko bayan dashe, shi ya sa rufe gadon iri da raga ya fi kowane magani. Tsohon gidan sauro yana tare Sharon da fara, amma idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi, sai an ninka shi biyu, an kuma danne gefensa da ƙasa. Tsoho muka ce, ba a cire na kan yara a kai lambu ba. Don tarko, yanka tsohuwar jarka rawaya gida-gida kamar tafin hannu biyu, shafa mata basilin ko giris, kafa a sanda ta ɗan ɗara kan shukar, launin ne ke jawo su. Goma sun isa, a kankare a sake shafawa in ƙura ta rufe, abin da ba ya ɗaukar mako a lokacin hunturu. Layi biyu ko uku na masara a kewayen lambu, wanda aka shuka mako uku ko huɗu kafin dashe, yana rage shigowarsu ya kuma tare iska. Sai dai a riƙa duba masarar, ita ma da tata tsutsar.

Darɓa ta fi sauƙi. Alamarta ganye ya yi danƙo yana ƙyalli, daga baya ya yi baƙi, tururuwa na hawa da sauka. Tururuwar kiwon su take yi don zaƙin da suke fitarwa. Ruwan sabulu kaɗai yana kashe su in ya taɓa jikinsu, giram 100 a goyo guda, sau biyu tsakanin kwana uku. Amma ka duba takinka: yawan yuriya yana sa toho ya yi laushi ya cika ruwa, abin da darɓa da farin ƙuda ke so ke nan.

A albasa, in ka ga ganye ya yi zane-zanen fari kamar azurfa, bakinsa na bushewa, buɗe wuyanta inda sabon ganye ke fitowa. Za ka ga wasu 'yan sirara masu ruwan ƙasa suna gudu, ba su kai tsawon ƙwayar riɗi ba. A nan suke ɓuya, don haka cikin wuyan za ka saita bakin feshi, bedi da sabulu. Zafi da ƙishi ke ƙara su, albasar da ba a bari ta yi yaushi ta fi jurewa, kuma ban-ruwa ta sama da bututun yayyafi lokaci-lokaci yana wanke su. Kabeji kuwa tasa 'yar koriyar tsutsa ce mai kankare ƙasan ganye ta bar fata kamar taga, in ka taɓa ta sai ta yi birgima ta sauko a zare. Ta daɗe da gagarar yawancin magungunan kanti, amma bedi na kama ta. Sharaɗin shi ne a fara tun kafin kan ya naɗe, in ta shige ciki babu abin da zai kai gare ta. Akwai wani maganin tsutsa da ake kira Bt, wanda daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo shi, tsutsa kaɗai yake kashewa. In ka same shi da lambar NAFDAC, yana da kyau a riƙa musanya shi da bedi a kabeji da tumatir.

Idan ka wayi gari ka ga dashe a yanke dab da ƙasa kamar an sa reza, tona da yatsa a gindinsa, za ka samu tsutsa mai ruwan toka a naɗe. Kashe ta, shi ke nan. In abin ya yi yawa, yanka gorar ruwa zobe-zobe ka zura wa kowane dashe, rabi a ƙasa rabi a sama. Ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa kamar rariya kuma, barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da sassafe ganye na da raɓa yana rage shi, amma sama-sama, yawan toka na ɓata ƙasar lambu. Shukar da ke yaushi da rana alhali ta sha ruwa, tumɓuke ɗaya ka duba saiwa. In ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Tuttukar bedin da ka matse kada ka zubar, tara ta ka cuɗa da ƙasar fangali, hannu biyu a kowane taku, mako biyu kafin dashe, sannan ka huta da tumatir da kuɓewa a wurin, ka sa gero ko dawa ko masara.

Barkono da tafarnuwa da ake yawan faɗa, kora suke yi na ɗan lokaci, ba su kai bedi ba. In za ka yi, giram 100 na dakakken barkono a lita ɗaya ya kwana, a tace, a ƙara lita biyar da ɗan sabulu, ka rufe hanci da ido, ka ba iska baya. Ruwan taba kuwa ka bar shi gaba ɗaya. Guba ne ga mai feshi da mai ci, kuma yana iya ɗauko wa tumatir da tattasai cutar ganye. Salak da alayyafo a daina yi musu bedi kwana huɗu ko biyar kafin yanka, in ba haka ba ɗaci zai kore maka masu saye.

Mu koma ciyawa. Iri biyu ce, kuma ba magani ɗaya suke ji ba. Akwai mai fitowa daga iri, kamar tuji, harƙiya, guɗe-guɗe, rukuɓu da kashin yawo. Akwai mai fitowa daga abin da ta ɓoye a ƙasa, wato jiji da kiri-kiri.

Ta farko yaudarar ta ake yi. Gyara fangali kamar yau za ka shuka, ka ba shi ruwa, ka ƙyale shi kwana 10 zuwa 14. Ciyawa za ta fito kamar gashi. Da hantsi, rana na dukan ƙasa, ka kankare ta da hauya sama-sama, kada ka wuce zurfin gaɓar yatsa, domin in ka zurfafa sabon iri za ka tono daga ƙasa, ka koma gidan jiya. Sannan ka yi shuka ko dashe. Ga karas da gadon irin albasa, waɗanda ke jinkirin tsira ciyawa ta riga su, wannan dabara tana rage cira ƙwarai. Ka kuma lura da inda irin ke shigowa. Ɗanyen takin awaki da na shanu cike yake da irin ciyawar da suka ci. Tara shi tsibi, a jiƙa, a rufe, a juya duk mako biyu. In ka tura hannu ciki ka ji zafin da ba za ka iya daɗewa ba, yana dahuwa, kuma wannan zafin ne ke kashe irin. Wata biyu zuwa uku ya nuna. Hanyar ruwa ma tana kawo iri, don haka ciyawar bakin magudana a yanke ta kafin ta yi kai.

Tumatir yana buƙatar a tsare masa ciyawa mako huɗu zuwa shida bayan dashe, daga nan inuwarsa ta taimaka. Albasa ba ta da inuwa ko kaɗan, ga saiwarta a sama, sai an bi ta da hannu kusan har ta fasa, kuma hauya mai zurfi tana yanke mata saiwa. Bayan noman farko ka rufe ƙasa da bambaron shinkafa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshen ganyen bedi, kauri yatsa huɗu. Mun san a ƙasar Katsina kara da harawa abincin dabbobi ne, ba wanda zai shimfiɗa su a ƙasa, amma ganyen bedi shara ce da ake ƙonawa kullum. Rufin yana hana ciyawa haske ya kuma rage maka yawan ban-ruwa da man inji. Ka bar tazarar yatsa uku daga gindin shuka saboda ruɓa, ka riƙa ɗagawa kana duba gara, kuma kada ka rufe da ciyawar da ta riga ta yi iri. Balasa da fasa-ƙabba in ka cire su ka fitar da su daga lambun, a kan danshi sake kamawa suke yi.

Jiji kuwa, abin da ya sa kake cira yana ƙaruwa shi ne wannan. Tona a hankali ka bi saiwarsa, za ka ga 'ya'ya baƙaƙe masu tauri a jere, siririn zare ya haɗa su. Muddin zaren na haɗe, na gaba ne ke tsira, sauran suna barci. Ranar da hauya ta tsinka zaren a ƙasa mai danshi, kowane ɗa ya farka ya zama uwa. Rufi ba ya tare shi, har leda yana hudawa. Abu biyu yake tsoro: bushewa da inuwa. Don haka yaƙinsa na bazara ne. Bayan ka cire albasa, ka yanke wa wurin ruwa ya bushe ƙurmus. A Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ka yi kaftu mai zurfin taƙi ɗaya, domin yawancin 'ya'yan ba su wuce nan ba. Ka bar hogen a buɗe rana ta gasa, bayan kwana goma ka sake juyawa, har sau uku, kana tsince abin da ka gani. Wanda ya yi kwanaki a saman busasshiyar ƙasa cikin wannan rana har ya bushe ƙayau ba ya sake tashi. Abin da ka tsince ƙona shi, kada ya shiga tsibin taki. Da damina ka sa wa wurin abin da ke rufe ƙasa ruf, wake mai yaɗo ko dankalin Hausa ko kabewa. Kiri-kiri ma haka ake masa, sai dai shi kowace gaɓa da ta saura a danshi sabuwar shuka ce, sai an bi da manjagara an tattare. Kada a yaudare ka, jiji ba ya ƙarewa a shekara ɗaya, biyu zuwa uku ne in an dage.

Gadon iri kuma, tun da ƙarami ne, ana iya dafa ƙasarsa da rana. A jiƙa shi sosai a cikin bazara, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe da ƙasa kada iska ta shiga, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Yana kashe irin ciyawa da tsutsar saiwa da ke sama-sama. Bayan an yaye kada a sake tona shi da zurfi.

Akwai inda waɗannan hanyoyi ba sa isa. Idan Sharon ta riga ta ƙone fiye da rabin ganye, ko kabeji ya naɗe da tsutsa a ciki, kada ka ɓata bedinka. Ko dai ka tumɓuke ka tsare sauran, ko ka nemi malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, da ke yankinku ya zaɓa maka maganin da ya dace, mai rajista, ka kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da ɗiba.

Albasar da ke ƙasa yanzu kuwa, kada ka sa mata hauya. Bayan ban-ruwa, ƙasa na da laushi, bi jijin da hannu kana zare shi tun bai kai ganye biyar ba, domin daga nan ne yake fara sabbin 'ya'ya. Duk mako biyu, ba fashi, kowace cira tana ƙarar masa da abincin da ya tara. Ka kafa turaku a kusurwoyin inda ya fi yawa don ka gane wurin idan ƙasa ta bushe, nan za ka fara kaftu, kuma baɗi albasa da karas su koma ɗaya gefen lambun.